Asalin Sunan Darduma a Harsunan da Suka Fito daga Latin



An nemi in yi magana a kan kalma guda, watau sunan darduma a harsunan da suka samo asali daga Latin: Faransanci, Italiyanci, Sifaniyanci, Fotugisanci da harshen Romaniya. Bafaranshe yana cewa tapis, mutumin Italiya tappeto, na Fotugal tapete. Duk wanda ya jera su ya san 'yan gida ɗaya ne. Sai dai su Romawa ma aro suka yi. Sun ɗauko tapete daga kalmar Girkanci tapes, wadda ta tsufa ƙwarai, domin tana cikin waƙoƙin Homa, inda take nufin mayafi mai kauri da ake shimfiɗawa a kan gado ko kujera. Waɗansu masana suna ganin Girkawan daga wajen Farisa suka samo ta.

To, ku lura, tun farko ba abin takawa da ƙafa ake nufi ba. Abin rufe wani abu ne, ko gado, ko tebur, ko bango. Darduma tana da tsada a Turai ta wancan zamani, mai ita kuwa ba ya yarda a taka masa da takalmi, sai ya ɗora ta bisa tebur. Daga nan ne 'ya'yan kalmar suka rarrabu. A Sifen, tapete ƙyallen rufe tebur ne, tapiz kuwa saƙa ce mai zane da ake ratayawa a bango. Faransawa suna kiran wannan saƙa tapisserie, har sun liƙa sunan ga shahararren ƙyallen nan na garin Bayeux, mai tsawon kusan mita 70, wanda ke nuna yadda Normawa suka ci Ingila a 1066, alhali kuwa shi ɗinkin allura ne, ba saƙa ba. Jamusawa, waɗanda harshensu ba na zuriyar Latin ba ne, sau biyu suka ara: Teppich darduma, Tapete takardar da ake manna wa bango.

Wannan ba maganar nishaɗi kaɗai ba ce ga waɗanda za su yi aikin fassara a ma'aikatun gwamnati. In Bafaranshe ya ce an sa magana sur le tapis, nufinsa an kawo ta gaban taro don a tattauna, domin tapis ɗin nan ƙyallen teburin majalisa ne. Mai fassarar da darduma kaɗai ya sani, sai ya ɗauka an yar da maganar a ƙasa, ya juya ma'anar wasiƙa gaba ɗaya.

Me kuwa mutumin Sifen yake kiran dardumar ƙasa? Alfombra, kuma Larabci ce. Musulmi sun shiga Andalus a 711, mulkinsu bai ƙare ba sai da Garnaɗa ta faɗi a 1492, suka bar wa ƙasar sana'ar saƙa da sunayenta. Wannan “al” da ke farkon kalmar ita ce wadda muke ji a alƙalami da aljihu. Mutanen Romaniya su ma sun bar kalmar Latin, suna cewa covor, wadda suka samu daga maƙwabtansu na gabas.

Wadda ta fi burge ni ita ce alcatifa ta Fotugisanci, watau dardumar da ke rufe ɗaki duka. Asalinta ƙaɗifa ta Larabci, ƙyalle mai laushi mai gashi-gashi. Ita ce dai katifarmu. Kalma guda ta haye teku zuwa Lisbon ta zama abin takawa, ta ƙetare Sahara zuwa Kano ta zama abin kwanciya. Masu cewa a kakkaɓe baƙin kalmomi daga Hausa, ina ganin da katifa ya kamata su fara, mu ga inda za su kwana.

Saura kafet, wadda muka karɓa daga Ingilishi. Ba ta da dangantaka da tapete ko kaɗan. Ingilishi ya same ta ta hanyar tsohon Faransanci da Italiyanci, tushenta kuwa carpere na Latin, ma'ana a tsinke ko a fige, saboda da zaren da aka tsefe daga tsummoki ake yin irin wannan mayafi mai kauri. Har a Ingila ɗin ma, kan tebur da gado aka fara shimfiɗa shi kafin ya sauko ƙasa.