Ƙarya A Tukunya: Amsar Takardar Wani Mai Saurare Daga Argungu

Takardarmu ta yau ta fito daga Argungu, daga wani bawan Allah mai shagon hatsi. Ya ce shekara 2 ke nan da ya haƙo 'yar itaciyar ƙarya a daji, a lokacin tana cike da jan fure, ya dasa ta a tukunya, ya shigar da ita ɗaki don gudun awaki. Tun daga ranar bai sake ganin fure ko ɗaya ba. Rassan sun yi tsawo sun sirance, duk sun karkata wajen ƙofa, ganyen ya koɗe. Maƙwabta suka ce ƙishirwa ce, ya shiga ba ta ruwa safe da yamma. Wani ya ce yunwa ce, ya zuba mata takin zamani. Yanzu gindin ya fara laushi, uwargida kuma ta ce a fitar mata da ita. Yana tambaya, ina mafita?

To Malam, mun gode da takarda. Ƙaryar taka (itaciyar nake nufi, kada a ce na zage ka a rediyo) rana ta rasa. Ruwan nan da kake ta ɗura mata shi ne ma yake neman kashe ta.

Ka tuna inda ka same ta. Ita ƙarya 'yar fili ce, tana fitowa a busasshiyar ƙasa mai duwatsu ko rairayi, tun daga Sanagal har Sudan da gabashin Afirka, har ƙasar Yaman. Katon gindin nan nata rumbun ruwa ne, shi ya sa take iya yin fure da rani tsaka, sa'ad da ciyawa duk ta bushe. Da hasken rana ganye yake dafa wa tsiro abinci. In babu haske, ruwa da taki sai su zauna a tukunya babu mai ci, saiwa ta ruɓe. Manomi ya san wannan ba sai an karanta masa ba. Geron da ya fito ƙarƙashin dogon yaro tsawo kawai yake yi, babu zangarniyar kirki. Na ƙarƙashin gawo kuwa sai wanda ya gani, don gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, rana ta sauko.

Za ka ce ai ɗakin da haske, har ana karatu a ciki. Ido ne yake ruɗinmu, don yakan saba da duhu. Hasken tsakar gida da rana tsaka ya ninka na tsakiyar ɗaki sau 100, ko fiye. Gwada da kanka: ɗaga hannunka a bisa tukunyar da hantsi. In inuwar ta fito sarai har kana ƙirga yatsu, wurin ya yi. In dishi-dishi ka gani, ko babu inuwar sam, to a wajen ƙarya nan dare ne. Tana son rana ta taɓa ganyenta kamar awa 6 a yini. Ƙwan lantarkin ɗaki ba zai maye wannan ba.

Sai batun taga, kuma a nan nake so a kasa kunne, don ba kowace taga ce taga ba. Ka fuskanci gabas: damanka kudu, hagunka arewa. A nan Birnin Kebbi da Argungu, rana takan tsaya daidai tsakar ka sau 2 a shekara, wajen 23 ga Afrilu da wajen 20 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku, wato ƙarshen bazara da yawancin damina, takan ɗan jirkice arewa, amma tana can sama ƙwarai, ba ta leƙa tagar kudu. Daga kaka har ƙarshen hunturu kuwa takan kwanto kudu, a Disamba har ta shigo ɗaki ta tagar kudu ta kwanta bisa tabarma. Saboda haka tagar kudu abokiyarka ce da hunturu, da damina kuwa ba ta da amfani. Tagar arewa a manta da ita. Tagar gabas ita ce ba ta saɓa alkawari, kullum da ranar safe, mai haske babu ƙuna. Ta yamma tana da rana, amma daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40, ranar la'asar ta bayan gilashi tana iya gasa tukunya har saiwa ta dahu, balle tukunyar roba ko gwangwani. Kasko ko tukunyar ƙasa mai huji a gindi ta fi.

A manna tukunyar da tagar, taku biyu baya ma an yi asarar yawancin hasken. Kowace Juma'a a juya ta kaɗan, don kada ta karkace gefe guda. Da hunturu a riƙa goge ƙurar ganye da ta gilashi da jiƙaƙƙen tsumma.

Ni dai in za ka ji tawa, Malam, uwargida ta fi maƙwabta gaskiya: a fitar da ita baranda ko bakin zaure, a ɗora ta bisa wani abu mai tudu. Amma ba dare ɗaya ba. Itaciyar da ta shekara 2 a duhu, in ka dasa ta a rana tsaka sai ganye da fatar gindin su ƙone. Makon farko awa 1 ko 2 na ranar safe, ka mayar inuwa. Mako na biyu har hantsi ya ɗaga. Haka dai, kafin wata guda ta saba.

Kafin wannan duka, gindin nan mai laushi ba ya jira. Yau ɗin nan ka daina ba ta ruwa. Zare ta daga tukunya, ka yanke duk inda ya ruɓe da wuƙa mai tsabta har ka tarar da tsoka mai ƙarfi, ka bar ta a inuwa kwana 4 ko 5 yankan ya bushe. Sannan ka sake dasa ta a ƙasar jigawa mai rairayi. Kada ka ɗebo laka ta fadama, ta shinkafa ce, tana riƙe ruwa. Bayan mako guda ka fara ba ta kaɗan, kuma daga nan sai ka tura yatsa ka ji ƙasa ta bushe kafin ka ƙara. In ta zubar da ganye da sanyi kada ka tsorata, al'adarta ce, sau da yawa ma fure ne ke tafe.

Amma a kula, ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, a wurare da dama na Afirka da shi maharba suke shafa wa kibiya. Ka sa leda a hannu in za ka yanka, kada ka taɓa ido, ka wanke wuƙar da sabulu. Guntayen da ka yanke a binne su, kada a zubar inda yara da awaki za su kai, kada kuma a watsa su a gulbi, don suna kashe kifi, ku kuwa mutanen Argungu ba sai an gaya muku darajar kifi ba.

In ta yi toho, Malam, a rubuto mana mu sani.