Kifayen Farko Da Itatuwan Dutse: Abin Da Ƙasar Gurbin Bore Ta Adana Da Abin Da Ta Rasa



Wanda ya taso daga Ƙauran Namoda ya nufi Shinkafi, in yana lura da gefen hanya, zai ga ƙasa tana sauya kama. Da fari fā ne da duwatsu masu tauri, sa'an nan a hankali su ɓace, sai rairayi da tsakuwa da jan yumɓu. Yankin nan duka, watau tsakanin Gurbin Bore da Zurmi da Ƙaura da Shinkafi, yana kan gaɓar da ta raba ƙasa iri biyu. A kudu da gabas akwai tsohon dutsen da masana ilmin ƙasa ke kira tushe, irin na Kwatarkwashi, wanda ya narke ya daskare wajen shekaru miliyan 600 da suka wuce. A arewa maso yamma kuwa akwai shimfiɗun rairayi da yumɓu na kwarin Sakkwato, waɗanda suka kwanta a bisa wancan tushe. Shimfiɗar da ke can ƙasa duka, mai taɓa tushen, ita aka laƙaba wa sunan Gundumi, kuma shekarunta ba su wuce miliyan 150 ba.

To, sai ku yi lissafin da kanku. Tsakanin dutsen da ke ƙasa da rairayin da ke kwance a kansa akwai giɓin shekaru fiye da miliyan 400, alhali mutum yana iya ɗora tafin hannunsa ɗaya ya rufe su biyun. Malaman da suka saba da littattafanmu na rubutun hannu, waɗanda ba a ɗinke su, sai dai a tara warƙoƙi a sa a gafaka, sun san yadda akan buɗe littafi a tarar an tsallake daga babin farko zuwa na ashirin. Haka ƙasarmu take. Kuma a cikin warƙoƙin da suka ɓace ɗin nan ne labarin kifayen farko da tsirran farko yake.

Wani zai ce, ina aka samo waɗannan lambobi? Ana samunsu daga ma'adinai irin su yuraniyam, wanda ake haƙa a Arlit. Shi yuraniyam yana rikiɗa ya koma dalma sannu a hankali, bisa ƙa'idar da zafi ko sanyi ba su sauya ta. In aka auna yawan yuraniyam da yawan dalmar da ke cikin ƙwayar dutse, sai a san tun yaushe ƙwayar ta daskare.

Dalilin giɓin kuwa ba boyayye ba ne. Gawar kifi ko ganye ba ta zama dutse sai in laka ta binne ta da sauri a wuri mai kwari, inda ruwa ke ajiye kaya. A duk tsawon wancan zamani ƙasar da muke kira Nijeriya ta Arewa tudu ce. Ruwa da iska suna ɗiba ne daga gare ta suna kaiwa wani wuri. Saboda haka ɗalibin da ya fita neman kifin zamanin Debon a gefen Gulbin Bunsuru zai sha rana a banza.

Zamanin Debon, wanda ya ci sunan wata gunduma a Ingila, ya fara wajen shekaru miliyan 419 da suka wuce, ya ƙare wajen miliyan 359. Wanda ke son ganin abin da ya rayu a cikinsa sai ya leƙa ƙasashen da suka adana nasu. A ƙauyen Rhynie na ƙasar Sikotlan, wani likita mai suna William Mackie ya gano wani dutse a 1912 wanda ruwan maɓuɓɓuga mai zafi ya daskarar da tsirrai a cikinsa tun shekaru miliyan 407. Tsirran ba su da ganye, ba su da saiwa ta sosai, kuma tsawonsu bai kai gwiwar mutum ba. Amma in aka yanka dutsen siriri aka duba da madubin ƙara girma, har jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa a cikin karansu ana gani. A nan Afirka, aikin hanya kusa da garin Makhanda na Afirka ta Kudu ya tono baƙin dutsen laka mai shekaru miliyan 360, cike da kifaye masu sulken ƙashi a kai da kafaɗa, tare da rassan itacen da ake kira Archaeopteris, ɗaya daga cikin itatuwan farko da suka yi kurmi a duniya. Kusa da mu ma, a arewacin Agadas, gawayin da ake haƙa a Anu Araren don ba da wutar lantarki ragowar tsirrai ne da suka haura shekaru miliyan 300, watau ya girmi gawayin Inugu nesa ba kusa ba.

Mu dawo gida. Lokacin da ƙasa ta fara lotsawa ta wajen Sakkwato, sai gulabe suka riƙa gangarowa daga tudun tushe suna zuba tsakuwa da rairayi a kwarin. Su ne shimfiɗun Gundumi. Abin da aka fi samu a cikinsu shi ne gungumen itace da ya koma dutse. Ruwan da ke ratsa rairayi yana ɗauke da narkakken sinadarin ƙanƙarar dutse, sai ya shiga ƙofofin itacen da aka binne ya maye gurbinsu ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari ga zanen itace sarai, amma gatari ba ya kama shi. Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya yi nazarin kwarin Sakkwato yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, ya dogara da irin waɗannan gungume wajen ƙiyasta shekarun shimfiɗar. Itatuwan ba dangin kuka ko gawo ba ne. Dangin itatuwa ne marasa fure, waɗanda 'yan'uwansu suka rage yau a tsaunuka masu sanyi na iyakar Nijeriya da Kamaru.

Daga baya teku ta shigo. Wajen shekaru miliyan 70 da suka wuce wani reshen ruwan gishiri ya ratso Sahara ya mamaye ƙasar Wurno da Goronyo, ya bar shimfiɗar Dukamaje, wadda ke da wani sashe cike da haƙora da ƙasusuwan kifayen teku, da kunkuru, da kada. Daga nan aka sami ƙasusuwan ƙaton ƙadangaren ruwa da Swinton ya bayyana a 1930, wanda masanan Italiya suka sake wa suna Goronyosaurus a 1972. Farar ƙasar Kalambaina da ake toya siminti da ita, ita ma ajiyar teku ce, ta bayan wannan.

Amma akwai shaida guda da ba ta buƙatar haƙa mai zurfi, kuma kowane basarke ya san ta, watau gaiwa. Gaiwa tana da huhu, tana shaƙar iska, kuma in fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta kwanta har damina ta dawo. Mutanenmu sukan ce tana cin jikinta, kuma ba su yi kuskure ba, gama naman jikinta take narkarwa ta rayu. Zuriyar gaiwa ta faro tun farkon zamanin Debon. An sami kakanninta a duwatsun ƙasar Sin masu shekaru wajen miliyan 410. An kuma tsinci haƙoransu masu kama da dutsen niƙa a hamadar Nijar, a shimfiɗun da suka yi kusan sa'a da na Gundumi, irin ƙasar da ta ba da ƙaton kadan nan Sarcosuchus na Gadufawa, wanda aka raɗa wa suna a 1966. A cikin kifayen da ke raye, masana sun ɗauki dangin gaiwa a matsayin mafi kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu. Yau ana samun danginta a Afirka da Amurka ta Kudu da Ostareliya kaɗai, ƙasashe uku da dā suke manne wuri guda. A ganina abin kunya ne a koya wa yaro sunan kifin Kanada a aji, a bar wadda ubansa ke tonowa da fartanya.

Ga ma'aikatan hukuma da ke nan, gaɓar da na ambata da fari tana da amfani a aikinku na yau da kullum. Rijiyar burtsatse da aka haƙa a rairayin Gundumi tana samun ruwa daga shimfiɗa mai faɗi. Wadda aka haƙa a kan tushe kuwa, sai an dace da tsaga ko wurin da dutsen ya ruɓe, in ba haka ba kuɗin jama'a sun tafi a busasshen rami. Wanda ya ba da kwangila bai duba taswirar ƙasa ba, caca ya yi.

Rashin zaman lafiya da ya addabi ƙasar Zurmi da Shinkafi a shekarun nan ya sa fita nazarin daji ta yi wuya ƙwarai, alhali masu ɗibar tsakuwa don gini ba su rarrabe gungumen dutse da sauran duwatsu. Don haka in aka kawo wa ɗayanku irin wannan abu, ko ya gan shi wurin aikin hanya ko haƙar rijiya, to, ya rubuta sunan ƙauyen, da zurfin da aka same shi, da irin ƙasar da ke samansa da ƙarƙashinsa, ya ɗauki hotonsa yana kwance a inda yake, sa'an nan ya sanar da sashen ilmin ƙasa na jami'ar da ta fi kusa da shi, ko Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ƙashin da ba a san inda aka tono shi ba, ba a iya ba shi shekaru.