Inshorar Gida: Araha Ba Ta Ado



Tun bayan ambaliyar 2022, da ɓallewar madatsar ruwa ta Alau da ta cinye Maiduguri a 2024, ana ta tambayarmu batun inshorar gida. Ma'anarta, mu biya kamfani kuɗi kowace shekara, idan gida ya lalace kamfanin ya biya diyya.

Na ɗaya, mu rubuta abin da sāke gina gidan zai ci yau, ba abin da muka kashe a da ba. Magini ya lissafa mana siminti, kwano da katako. A ce gini zai ci naira miliyan 4, muka rubuta miliyan 2 don mu biya kaɗan. Idan gobara ta yi ɓarnar miliyan 1, naira 500,000 kawai za a ba mu, domin rabin gidan muka yi wa inshora.

Na biyu, inshorar gobara kaɗai ba ta biyan ɓarnar ambaliya ko iskar da ta yaye kwano, sai an ƙara su a rubuce. Masu zama kusa da rafi, a kula.

Na uku, mu gwada farashin kamfani biyu ko uku masu lasisin hukumar NAICOM, mu karɓi rasit. Wanda bai biya ba, ba shi da diyya.

Kafin mu sa hannu, wani mai karatu cikin ikilisiya ya karanta mana takardar duka.

Ubangiji ya kiyaye gidajenmu. Amin.