Ƙidayar Ambato da Auna Malami: Misalin Thomas Brock



Tun daga 1964, lokacin da Eugene Garfield ya fara fitar da kundin da ke ƙidaya yawan ambaton da ake yi wa kowace maƙalar kimiyya, jami'o'i suka sami sabon mudu na auna malamansu. A yau ƙarin girman malami yakan rataya a kan tambayoyi uku: maƙala nawa ya buga, da wa ya haɗa hannu, sau nawa aka ambace shi. Mudun yana da amfani, amma tarihin Thomas Brock, masanin ƙananan halittu na ƙasar Amurka, ya nuna inda yake yoyo.

A 1966 Brock yana koyarwa a Jami'ar Indiyana. Ya tafi gandun Yellowstone, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, tare da Hudson Freeze, wani ɗalibi da ko digirin farko bai gama ba. Daga wata maɓuɓɓuga suka ɗebo bakteriyar da ke hayayyafa a zafin digiri 70 na ma'aunin Santigireti, zafin da hannu ba ya iya jimrewa. Suka raɗa mata suna Thermus aquaticus, suka buga bayaninta a mujallar Journal of Bacteriology a 1969, sunan malami da na ɗalibi a jere. Sa'an nan Brock ya ajiye irinta a taskar ƙwayoyin halitta ta Amurka, domin duk mai bukata ya ɗiba. Wannan ajiya ba ta shiga lissafin maƙalu, alhali kuwa ita ce ta buɗe ƙofar abin da ya biyo baya.

Sai a 1976 Alice Chien da abokan aikinta a Jami'ar Cincinnati suka tsamo daga jikin bakteriyar wani sinadari mai kwafe ƙwayar gado, wanda zafi ba ya lalata shi. A 1983 Kary Mullis ya ƙago dabarar PCR, watau ninka ɗan guntun ƙwayar gado har sau miliyoyi. Matsalar dabarar ita ce, a kowane zagaye sai an ɗumama haɗin har kusa da tafasa, sinadarin da ake amfani da shi kuwa nan take yake mutuwa, sai an ƙara sabo. Na bakteriyar Brock ya raba wannan gardama, kamar yadda maƙalar 1988 a mujallar Science ta tabbatar. A 1991 kamfanin Hoffmann-La Roche ya sayi haƙƙin dabarar a kan dala miliyan 300, a 1993 kuma Mullis ya sami kyautar Nobel. Da irin wannan dabara aka yi ta gwajin cutar korona a 2020.

To, sanannen ma'aunin darajar mujallu shekara biyu kacal yake waiwaya. Tsakanin 1969 da 1988 kuwa akwai shekara 19. Kwamitin ƙarin girma da zai zauna a 1971 ba abin da zai gani face bayanin wata baƙuwar halitta a ruwan zafi. Har ila yau, mai aiki da PCR yakan ambaci wanda ya tsara dabarar, ba safai yake komawa ga wanda ya ɗebo ruwan ba. Malaman zaure sun fi kiyaye wannan haƙƙi, domin sukan jero salsalar malamansu har tushe.

A 2013 aka ba Brock da Freeze lambar yabo ta Golden Goose, wadda ake bayarwa ga binciken da aka raina da fari, daga baya amfaninsa ya bayyana. Shekara 44 ke nan bayan fitowar maƙalarsu. Brock ya rasu a 2021.