Injin da Kamfaninsa Ya Janye, Mu Kuma Muna Hawa

A watan Afrilun 2016 kamfanin Polaris na Amurka ya janye ƙananan motocin daji ƙirar RZR kusan 133,000, saboda suna kamawa da wuta ana cikin tafiya. A 2018 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 27.25, don ya san da matsalar bai kai rahoto da wuri ba. A can, kamfani ke neman mai mota har gida, ya gyara masa kyauta.

To mu fa? Manomin shinkafa a fadamar Argungu, ko ɗan kabu-kabu a Gesse, idan birki ya ƙi kamawa, wajen bakanike zai gangara. A ɗaure da waya, a ce Allah ya kiyaye. Motoci ’yan Kwatano kuwa, takardar janyewar ta tsaya hannun tsohon mai motar a Turai ko Amurka, ba ta ƙetaro ruwa da motar.

Hukumomin SON da FCCPC, masu kula da ingancin kaya da kare masu saye a Najeriya, ku riƙa sanar da irin wannan janyewa a rediyo, da Hausa. Kai kuma mai saye, ka sa a duba maka lambar jikin motar a intanet kafin ka biya.