Keke da Hanyar Burji



A shekarar 2006, a garin Emporia na Jihar Kansas ta Amurka, mutum 34 suka fita tseren keke na mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa na karkara, nesa da motoci. Wasa-wasa abu ya bunƙasa, har aka yi gasar duniya ta farko a Italiya a 2022.

Irin wannan hanya ita muke kira burji, kuma manomanmu sun daɗe suna binta da keke, da buhun dawa a baya. Mu da muka yi boko ne muka ɗauki keke abin kunya, muka manne wa kwalta, muna wuce ƙauyuka a guje.

Shawararmu ita ce mu koma kan keke ran hutu. A nemi mai faɗin taya, a rage mata iska kaɗan domin ta kama ƙasa. A riƙe famfo da faci da ruwan sha. A fita da sassafe bayan ɗaukewar damina, a tafi a ƙungiya, a tambayi lafiyar hanya tukuna, a kuma yi wa mai gari sallama.

Gobe mu ne za mu sa hannu a takardun gyaran waɗannan hanyoyi. Wanda ya taɓa tura keke a rairayi, ko ya tarar ruwa ya cinye kwalbati tsakanin ƙauye da asibiti, ba zai bar takardar ta kwana a kan teburinsa ba. Gani ya kori ji.