JAWABIN TARON ƘUNGIYA: IN GYAMBON NONO YA ƁALLE DA JINI

Iyayenmu mata da maza, 'yan uwa na Agye, Gazawa da Gidan Rumji.

Ciwon daji na nono in ya daɗe yakan fashe ya zama gyambo, har ya ci jijiya. Ranar da jini ya ɓalle, ga aikinmu.

Na ɗaya, mu kwantar da ita. Mu ninke zane mai tsabta, mu danne wurin da tafin hannu minti 10 cur, ba ɗagawa. In ya jiƙe mu ɗora wani bisa. Kada mu cire na fari, gudan jinin da ya daskare shi ne marfi.

Na biyu, ba toka, ba ƙasa, ba garin magani. Kada a ba ta asfirin, yana tsinka jini.

Na uku, mota ko amalanke, sai gidan likita, hannu na danne har a isa. 'Yan uwa masu ƙarfi su bi ta, ko za a nemi ƙarin jini.

Tun 2021 akwai na'urar gashin daji a Yamai. Gashin kan tsaida irin wannan jini. Mu tambayi likita.

Kunya ba ta tsaida jini, jama'a. Allah ya ba majinyatanmu sauƙi, amin.